Takalmin Bang Sama'e

Bayan hutun rana aka gane an sace ido ɗaya daga siton jirgi.

Jirgin da nake nufi shi ne jirgin saman sojan sansaninmu da muke kira Mai Gungume, saboda doguwar na'urar da yake goye da ita a gadon baya. A cikinta akwai ƙananan akwatunan ƙarfe a jere, kowanne bai wuce bulo ba, da su yake hango jirgin ruwa ko kwalekwale tun yana can tsakiyar teku. Makanikai ido suke ce musu. Daga ƙetare ake kawo su, kuma akwai waɗanda za su so ƙwarai su buɗe ɗaya su ga cikinsa. Ranar nan ido ɗaya ya mutu a jikin jirgi, aka aika sito a ɗauko madadinsa, aka tarar da mazubinsa wayam.

Ni ne kafintan da ke haɗa wa siton akwatunan katako, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

An kwana ana ruwa, bai ɗauke ba sai dab da hutu. Tsawa ta ƙona kyamarar bayan sito tun farkon damina, ba a gyara ba. Amma ƙasar wurin ja ce, in ta jiƙe ko ƙadangare ya bi sai ya bar shaida. Ga sawun takalmin aiki nan raɗau daga ƙofar baya, ya nufi shingen waya, dunduniyar hagu da facin tayar babur. Babu wanda bai san takalmin ba. Na Bang Sama'e ne, mai kula da na'urorin sanyaya sito, farar hula, Musulmi, mutumin can kudu kusa da iyaka, inda Bang ke nufin yaya. Yana da makullin ƙofar baya. Aka je aka tarar da takalmin a bakin ɗan masallacin da ke bayan gareji, caɓe da jar laka, mai shi kuma yana ciki.

Kafin a kai shi gadirum mutane sun taru. Na ga waɗanda ya gyara wa firji kyauta suna tofar da yawu. Mutane ba sa neman hujja mai yawa a kan wanda dama can ba su yarda da shi ba, kuma wannan hali ne na banza ko a wa aka same shi.

Saje Bunrot, shugaban sito, shi ya fi kowa ɗaga murya. Dattijo ne mai ibada, layu uku a wuya, shi ke share ɗan ɗakin bautar Mai Wuri, iskan da ke gadin wurin, kullum safe.

"Na sha faɗa!" in ji shi. "Na ce kada a ba ɗan kudu makulli, aka ce na cika zargi. To ga shi. Ku jira ku ji inda idon nan zai ɓulla."

Kwamanda Sutham ya rufe ƙofofin sansani, ya buga wa na sama da shi waya kamar yadda doka ta ce. Amsar da aka ba shi ita ta sanyaya mini jiki: kafin faɗuwar rana mota za ta zo ta ɗauki Sama'e zuwa wurin masu tambayar 'yan tawaye. A can ba a ɗaukar ɗan kudu a matsayin ɓarawo. Wanda ya shiga, in ya fito, ba yadda ya shiga yake fitowa ba.

Kwamanda ba sakarai ba ne. Ya dubi takalmin, ya dubi hadarin da ke sake haɗuwa ta wajen teku, ya ce da direbansa, "Je ka ɗauko mini Lung Niam. Ko a bahaya ka same shi, ɗauko shi."

*

Lung Niam ya yi rayuwarsa yana bin sawun 'yan fasa ƙwauri da masu kashe giwa a dajin iyaka, kafin ya ajiye aiki ya koma gonar robarsa. Kowa Lung yake ce masa, wato kawu, har Kwamanda, wanda ya taɓa bin sa daji yana ƙaramin hafsa. Ya sauko daga mota da tabarsa ta ganyen kaba a baki, bai gai da kowa ba.

"Su wa suka tattake nan?"

"Mu ne, Lung, da muka zo dubawa."

"Garken ɓauna ma ya fi ku hankali. Kowa ya ja baya." Ya nuna ni da baki. "Kai mai guduma, samo mini kwandunan rufe kaji, duk wanda ka gani. Ruwan nan ba zai jira mu ba."

Na aro kwanduna daga bayan kanti, na bi shi. Yana tafe a gefen sawun a sunkuye, kamar mai neman allura. Wani wurin ya tsuguna ya auna da tafin hannu, ya ce in kifa kwando in ɗora leda. Bai yi mini bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Sau ɗaya kawai ya yi magana, shi ma da kansa yake.

"Kana da sauri, amma taku gajere. Me yake cizon ka?"

Sawun ya bi bayan sito, ya ratsa ta gindin bishiyar tsamiya inda ɗakin Mai Wuri yake, ya faɗa kan simintin magudanar ruwa, ya ɓace. Ɗakin kuwa irin wanda ke kowane gida ne da kowace ma'aikata: ɗan ƙaramin gida a kan ginshiƙi, da furanni da turaren tsinke da kwalaben jan lemo, na wanda ke gadin ƙasar wurin. Lung Niam ya yi gaba har magudana, ya dawo, ya tsaya a gindin tsamiyar ya daɗe. Can ya karɓi babban kwandon daga hannuna ya kifa da kansa, ya tare mini gani da bayansa. Sannan ya ɗaga kwalaben lemon biyu da ke kan dandamali ya duba su a haske. Ɗaya ruwan sama ya cika ta har jan ya koɗe. Ɗayar ja wur take.

"Kai, tsaya nan," in ji shi da wani soja. "Wanda ya taɓa kwandon nan, karya masa hannu. Ni zan biya asibiti."

*

A gadirum muka sami Sama'e zaune a ƙasa, leɓunansa sun bushe. Watan azuminsu ne.

"Bang, ina kake lokacin hutu?"

"Masallaci, Lung. Na yi salla, na jingina, barci ya ɗauke ni. Me zan je yi kanti ina azumi, in zauna ina kallon bakin mutane?"

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"Shi ba zai zo gaban Kwamanda ba. Wani fa?"

"Mu biyu ne Musulmi a nan, ɗayan yana hutu."

"Kullum haka kake yi?"

"Tun da azumi ya kama. Kowa ya sani. Har tsokanata suke yi, wai na sami gidan kwana kyauta."

"Takalminka fa?"

"A ƙofa mana. A ina ake barin takalmi?" Muryarsa ta karye. "Lung, matata tana gida tana dafa abin buɗa baki. Ba ta san komai ba. In motar nan ta tafi da ni, a gaya mata ban..."

"Miƙo ƙafarka."

Ya miƙa. Lung Niam ya juya ta kamar mai sayen kifi, ya dubi yatsun, ya sake ta. Bai ce masa ya kwantar da hankali ba. Na ji haushin haka a lokacin, amma tsohon ba ya alkawarin abin da bai riƙe a hannu ba.

*

Mutum uku ke da makullin ƙofar baya: Sama'e, Saje Bunrot, da mataimakinsa Saje Wirot. Muka tafi kantin Pa Lamyai, gwaggon da ke ciyar da rabin sansanin, wadda ƙuda ma ba ya shiga rumfarta ba ta sani ba.

"Niam! Ashe kana da rai? An ce mini damisa ta cinye ka."

"Ta ɗanɗana ta tofar. Wa bai ci abinci ba yau?"

"Sama'e, amma shi ka san dalili. Wayyo, yaron kirki. Wirot ma ban ga ƙeyarsa ba har hutu ya ƙare. Da ya dawo kuwa, wandonsa laka har gwiwa, na ce masa kada ya kuskura ya zauna mini a kan benci."

"Bunrot fa?"

"Shi ya zo. Ya zo tun kafin a buga ƙararrawa, ya sayi lemonsa ya fita. Sai can da mutane suka fara watsewa ya dawo, miyar kifi ta huce, yana mini ƙorafi. Na ce Saje, tukunya ba ta san muƙami ba." Ta goge tebur. "Ya ƙarar mini da jan lemo ma. Ɗaya yake saya kullum safe, yau ban san me ya hau kansa ba."

Ni Wirot kawai na ji. Laka har gwiwa, ga makulli, ga shi bai zo kanti ba. Kwamanda ma da ya ji, sai da ya miƙe tsaye. Aka kira Wirot, ya shigo yana gumi.

"Ina ka je?"

"Ina... zagayawa na yi, Yallaɓai. Cikina ne."

"Cikinka ne ya kai laka gwiwa?"

Lung Niam ya sunkuya ya kankari lakar da farce, ya murza, ya shinshina.

"Wannan baƙa ce, ta fadama. Ga kashin shanu a ciki. Ina ka ɗaure shi?"

Wirot ya durƙusa. Ashe bijimin faɗa yake kiwo a ɓoye a ciyawar ƙarshen filin saukar jirage, inda ko kare an hana ya shiga. Akwai karawa ƙarshen mako, ya je ya ba shi ƙwai da ayaba.

"Yallaɓai, a yi mini komai, amma kada a taɓa Baƙin Hadari. Bai san komai ba."

"Bijimi a filin jirgi," in ji Kwamanda a hankali. "Za mu yi wannan maganar, ni da kai." Ya juya ga tsohon. "Lung, an bugo waya. Motar ta wuce gadar kogi. Kana da wani abu ko ba ka da shi?"

"Ina da ƙafa, ba ni da mai ita. Tara mini su a gindin tsamiya. Ka ce rantsuwa za a sha."

*

A wurinmu ba a wasa da ruwan rantsuwa. Mutum zai yi wa alƙali ƙarya ya tafi ya ci abincinsa, amma ya durƙusa gaban Mai Wuri ya sha ruwa a kan ƙarya, wannan sai wanda ya gaji da duniya. Kafin a taru, Lung Niam ya sa na baje lakar da ke gefen kwandon da katako, na shafe ta sumul kamar za a zuba siminti.

Sansanin duk ya zo. Hadari ya yi baƙi, iska ta fara kaɗa tsamiyar. Muna nan tsaye motar ta shigo, koriya, ba taga a baya, mutum biyu suka fito suka jingina da ita suna kallon agogo. Aka kawo Sama'e da ankwa a hannu.

Lung Niam ya ɗora ƙwaryar ruwa a kan dandamali.

"Masu makulli uku. Kowa ya zo ya durƙusa ya ce, in ni na ɗauka, kada in ga ƙarshen damina. Bang, fara."

Sama'e ya dubi ɗakin, ya dubi motar.

"Ba zan iya ba, Lung."

Wuri ya ɗauki guna-guni.

"Ka ga motar can?" in ji tsohon. "Durƙusawa ce kawai. Ka sha, ka tafi gida wurin matarka."

"Ina azumi. Ko ba na azumi, ba na durƙusa wa kowa sai Allah. A kawo Alƙur'ani in dafa. Amma nan, a'a. Ku yi haƙuri, ba raini ba ne."

"Kun ji ko!" Saje Bunrot ya daka tsawa. "Ya ƙi! Me kuma ake jira? Yallaɓai, a miƙa shi mu huta!"

Ɗaya daga cikin mutanen motar ya taso. Kwamanda ya ɗaga masa hannu, amma idonsa na kan Lung Niam, kuma na ga haƙurinsa ya kusa ƙarewa.

"Kowa ya ji ya ƙi?" in ji tsohon. "Ga mota, ga ankwa, ya ƙi. To ku matso."

Ya ɗage babban kwandon.

Ga sawun takalmin nan biyu, an jera su daidai, gefe da gefe, kamar yadda ake ajiye takalmi a bakin ƙofa. Gabansu sawun ƙafa ne tsirara. Gaba kaɗan gurbin gwiwa biyu, kusa da su wani gurbi mai kusurwa huɗu, girman bulo.

"Ɓarawon ya zo nan da kayan a hannu," in ji Lung Niam. "Sauri yake, amma bai iya wucewa ba. Zai fitar da abu daga ƙasar Mai Wuri, dole ya nemi afuwa. Ya ajiye kayan, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya buɗe sabon lemo. Ga shi can, ko ɗigon ruwan sama babu a ciki, bayan an ɗauke aka ajiye shi. Mutumin da ya ƙi durƙusawa don ya ceci ransa, shi ne zai durƙusa ba wanda ya sa shi? Takalmin nasa ne. Ƙafar ba tasa ba ce. Ta fi takalmin girma, shi ya sa takun ya gajarce, shi ya sa aka tuɓe safa kafin ta shiga. Namu ne, mu masu durƙusawa a nan."

Ya nuna sawun dama da tsinken tabarsa. Babban yatsan ya karkace waje, kamar wanda ya taɓa karyewa aka bar shi ya ɗinke da kansa.

"Wirot, zo ka sha."

Wirot ya yi wurgi da takalmi da safa, ya taka lakar da na shafe, ya durƙusa, ya rantse, ya shanye kusan rabin ƙwaryar. Sawunsa faffaɗa ne kamar na agwagwa, yatsu a miƙe.

"Saje Bunrot."

Bunrot ya kwance igiyar takalminsa a hankali. Ya cire. Ya tsaya da safa a bakin lakar.

"Da safar ma, Saje. Ƙasa a jiƙe take, kada ka ɓata ta."

"Ni nake share wurin nan kullum. Sawuna ko'ina yake a nan."

"Na safe ruwa ya wanke. Pa Lamyai, lemo nawa kika ce ya saya yau?"

"Biyu," in ji ta, da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Saje, ka yi dambe da ƙuruciya, ko? An gaya mini ƙafarka ta dama ta sha haƙarƙarin mutane. Ba sai ka nuna ba ma. Ga ruwa. In ba kai ba ne, sha."

Ya miƙa masa ƙwaryar. Bunrot ya karɓa. Ya kai ta kusa da baki, ya dubi ɗan ɗakin da ya yi shekaru yana sharewa, ɗaya hannun ya damƙe layunsa. Ɗigon farko na ruwan sama ya faɗo a ƙwaryar. Sai ya ajiye ta a ƙasa, ya zauna daɓas a cikin laka.

"Yana cikin bututun magudana, na uku daga shinge, a naɗe da leda," in ji shi. "Wani ne daga babban birni zai zo ɗauka. Ya ce babu wanda zai cutu."

"Babu wanda zai cutu," in ji Kwamanda. Ya dubi Sama'e, ya dubi motar. "Ku cire masa wannan abin. Ku sa wa wancan."

Zan faɗi ra'ayina a fili. Na ga ɓarayi, amma ban taɓa ganin lalacewa irin ta Bunrot ba. Ya ji tsoron tsayawa gaban Mai Wuri da takalmi a ƙafa, bai ji tsoron aron takalmin mutum ya tura shi inda ba a dawowa lafiya ba. Ibadar da ta tsaya a cire takalmi, ba ta kai ga tausayin maƙwabci ba, wahalar banza ce.

*

An zaro idon daga bututu a bushe, ruwa na sauka kamar da bakin ƙwarya. Kwana biyu bayan haka Mai Gungume ya tashi. Motar ta koma da wanda ba shi ta zo ɗauka ba.

Sama'e bai tafi nan take ba, don rana ta faɗi yana tsaye a rumfar kanti. Pa Lamyai ta kawo masa ruwan kwakwa, ya yi addu'arsa ya sha. Waɗanda suka tofar da yawu ɗazu suka yi ta zagaye shi, wannan ya dafa kafaɗarsa, wancan ya ce, "Bang, ni fa dama ban yarda ba." Bai ƙaryata kowa ba. Ya karɓi takalminsa, ya wanke lakar a bakin famfo, ya gode wa Lung Niam, ya hau babur ɗinsa.

Bai bar aiki ba, yana da 'ya'ya a makaranta. Yana gaisawa da kowa, har firji yana gyarawa. Amma tun daga ranar, in zai shiga salla, sai ya cire takalmin ya zura a leda ya shiga da shi, ya ajiye a gefen tabarmarsa. A garin da ko yaro ya san takalmi a ƙofa yake kwana, kowa yana ganin ledar nan a hammatarsa kullum azahar, kuma har yau ban ga wanda ya iya ce masa ya bar shi a waje ba.